Yadda Na Zama Kaka a Setapak

Kwalejin da na yi karatu a cikinta a Kuala Lumpur, sau ɗaya na gan ta da idona a shekarar farko, shi ma daga cikin mota. Yayana ne ya nuna min ita da haɓa, ya ce, "Ga makarantarku can." Bene ne a saman wani shagon tayoyi a unguwar Setapak, da shuɗin allo a goshinsa. Na leƙa ta taga ina neman bishiyar da ɗalibai ke zama a ƙarƙashinta, domin a littattafan soyayyar da na taso ina karantawa, duk makarantar da ta amsa sunanta tana da bishiya, kuma a nan ne littafin yarinya ke faɗuwa wani ya sunkuya ya ɗauko mata. Babu bishiya. Akwai mai gyaran taya a tsugune yana cin taliya.

Ba a jima ba korona ta shigo, aka sa dokar kulle, karatu ya koma cikin kwamfuta.

Yaya yana digirinsa na uku a can, gwamnati ce ta turo shi. Shi ya ce in zo, don na daɗe da gama sakandare ina zaune a Kano, ba abin da nake yi sai ɗinki da karance-karance. Da zan taho aka ba ni jaka guda ta musamman in cika da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, na cika rabinta da littattafan da na saya a kasuwar Sabon Gari. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta buɗe jakar a tsakiyar falo, ta ɗaga littafi ɗaya da yatsa biyu ta ce, "Wannan da me ake kaɗa shi?"

Kwas na farko da aka sa ni shi ne gabatarwa ga ilimin zamantakewa. Na tambayi Yaya me ake koyo a ciki, ya ce, "Sa ido ne, amma da takardar shaida. Zai yi daidai da ke."

Tun makon farko ya zaunar da ni ya faɗa min yadda abin yake. Ya kusa gamawa, kuma da zarar an buɗe hanya shi da Anti za su koma gida. Ni ce zan zaɓa: ko in bi su, ko in zauna in ƙarasa difloma a gidan wani abokinsa mai iyali a unguwar Cheras. Ya ce kafin zangon karatu ya ƙare yake son amsa. A ranar na san amsata. Garin da na sani gaba ɗayansa taga ce, da rufin wasu shaguna, da titin da babu kowa sai babura masu kai abinci. Gida zan tafi.

Malamarmu dattijuwa ce mai tabarau, ba ta taɓa daidaita kyamararta ba, don haka goshinta da fankar ɗakinta muka fi sani. Wani lokaci mijinta ya wuce ta baya da tawul a kafaɗa. A darasin farko ta ce duk abin da muka saba da shi har muka daina ganinsa, shi ne aikinmu a wannan aji: yadda ake gaisuwa, wa ke fara cin abinci, wa ke kiran wani da sunansa, wa kuma ba ya iyawa. Maganar ta shige ni. Na ga ai abin da marubutana ke yi ke nan, sai dai su suna sa mota da gidan sama a ciki.

Da aka zo babin iyali da zumunta, ta raba mu biyu-biyu. Za mu karanta babin tare, mu rubuta shimfiɗa tare, sannan kowa ya shirya sunayen dangi na yarensa shi kaɗai, kada abokin aikinsa ya gani sai ranar gabatarwa, don mu sha mamakin juna a gaban aji. Ni aka haɗa ni da wani ɗan ƙasar da bai taɓa buɗe kyamara ba. Hoton kyanwa ne a gurbin fuskarsa.

Ranar da ya fara kirana ina zaune a bakin gado. Ya yi sallama. Murya ce mai sanyi, ƙasa-ƙasa, irin wadda a littafi ake ba ta shafi guda ita kaɗai. Da Turanci muke magana, nasa gajere-gajere, yana liƙa masa "lah" a wutsiya. Ya ce kafin mu fara, shekaruna nawa? A wurinmu namiji ba ya buɗe zance da wannan. Na faɗa masa, na rage ɗaya don ladabi. Sai ya ce, "O. Kakak lah."

Su wannan harafin na ƙarshe haɗiye shi suke yi. Abin da ya iso kunnena shi ne: kaka.

Muka gama karanta shafukanmu, na amsa duk abin da ya tambaya. Da ya ajiye waya na je gaban madubi na duba gefen kaina da kyau, na duba ƙasan idona. Gaskiya na girmi yawancin 'yan ajin, amma ban ga jika a fuskata ba. Ranar ban ci tuwon kirki ba.

Washegari ina yanka albasa a kicin sai kakarmu ta wajen uba ta faɗo min a rai, Allah ya ji ƙanta. Duk lokacin da Yaya ya shiga ɗakinta sai ta ce, "Ga mijin nawa marowaci, yau ma hannu biyu ka shigo?" Shi kuma ya ce, "Ke tsohuwa, tun bara na sake ki, kin ƙi tafiya." Ta jefe shi da mafici, ya kauce, ya zauna ya cinye mata gyaɗa. Kowa ya san wasan jika da kaka. Namiji in ya ce miki kaka, ya buɗe ƙofar da ake ce masa miji ba a ji kunya ba. Na ajiye wuƙar. Ashe abin da yaron nan ya yi ke nan. Ya nemi hanyar da ta fi kowace tsafta, wadda ko a gaban Yaya aka bi ta ba wanda zai ce komai.

Na tambayi kaina ta yaya ɗan Maleshiya zai san wannan wasa. Amsar tana cikin darasin makon: malama ta ce al'ummomi masu nisa da juna sukan ƙirƙiro tsari iri ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Na ɗauki wannan hujja ce.

Waya tana hannuna, kuma akwai ƙamus a cikinta. Ban duba ba. Ban taɓa karanta littafin da yarinya ta ji magana mai nauyi daga bakin namiji ta tafi duba ƙamus ba. Anti ma ban tambaye ta ba, don abin da Anti ta ji da safe, Yaya ya ji shi kafin la'asar.

Da ya sake kira ya ce, "Kakak," na daure na ce, "Na'am, maigida."

Ya ce me ke nan? Na ce wanda ya mallaki gida. Ban yi ƙarya ba. Ya yi dariya ya ce shi ko ɗaki bai mallaka ba, a unguwar Sentul yake zaune da mahaifiyarsa a wani tsohon bene, amma sunan ya yi masa, ya ɗauke shi addu'a. Ya ce, "Amin." Wannan amin ɗin ta yi kwanaki a kunnena.

Haka muka ci gaba. Ya ce kaka, in ce maigida, mu buɗe babin zumunta. Kafin kowane karatu sai ya ce, "Kakak dah makan?" Shi ya koya min ma'anarta: kin ci abinci? A littattafaina namiji ba ya tambayar mace ko ta ci abinci sai magana ta yi nisa. Daga baya na lura maigadin gidanmu ma yana yi min wannan tambayar in na sauka zubar da shara, haka matar da ke sayar da kayan miya a ƙasa. Amma ba da irin wannan muryar ba.

Fuskarsa kuwa ni na haɗa ta da kaina. Na ba shi dogon hanci da saje kwantacce da idanu masu lumshewa. Launin fata na bar shi a buɗe, don kada in matsa wa ƙaddara.

Azumi ya same mu a kulle. Shi yana fita, don bayan aji yana kai wa mutane abinci a babur, kuma su an bar su su yi aiki. Wata rana da yamma ya aiko min saƙo cewa ya bar min abu a wurin maigadi, mahaifiyarsa ce ta dafa. Na ruga taga. Babura da yawa ne a bakin ƙofa, kowa da hular kwano da takunkumi da rigar ruwa iri ɗaya. Na zaɓi wanda ya fi tsayi na bi shi da ido har ya sha kwana.

Faten shinkafa ne mai nama da kayan ƙamshi, a roba. Da aka sha ruwa Anti ta ja robar gabanta.

"Wa ya aiko?"

"Ɗan ajinmu ne."

"Ɗan ajinku." Ta kai cokali baki. "A cikin kwamfuta ya ga kina jin yunwa?"

"Al'adarsu ce, Anti. Muna karanta ta."

"To ki ce wa al'adar ta ƙara barkono."

Yaya bai ɗago daga takardunsa ba. Ya ce dai in tuna yana jiran amsa, an fara maganar jirgin da zai kwashi mutane. Na ce ya bari in gama gabatarwa. A raina kuwa amsar ta riga ta juya. Na fara tunanin wace hanya ce daga Cheras zuwa Sentul, da ko mahaifiyarsa za ta iya cin miyar kuka.

Na shirya kashina da kyau. Na fara da uwa da uba, na bi ta kan kawu da baffa da gwaggo da inna, na bayyana dalilin da ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Wasan jika da kaka na ajiye shi a ƙarshe. Niyyata in na bayyana shi, in ɗan yi shiru, in ce abin mamaki shi ne na tarar da irinsa a nan ƙasar, kuma abokin aikina shaida ne. Daga nan sai in bar masa sauran.

Ranar gabatarwa na sa mayafina mai kyau, na zizara kwalli, na fesa turare duk da na san ba ya bin intanet. Abin sawa a kunnena ya lalace tun makon da ya wuce, don haka a lasifika nake jin aji. Anti tana kicin, ƙofa a buɗe.

Shi ya fara. Ya jero nasu a natse. Abang, wa. Adik, ƙane ko ƙanwa. Sai ya ce kakak, ita ce yaya mace, kuma ba sai ta jini ba, duk macen da ta ɗan girme ka haka za ka ce mata don girmamawa: mai sayar da abinci a makaranta, mai shara, ma'aikaciyar banki. Ya ce, "Kamar abokiyar aikina, tun ranar farko kakak nake ce mata, don ta girme ni, kuma tana gyara min rubutu kamar yayata ta gida."

A kicin na ji an daina juya miya.

Malama ta ce saura ni. Na buɗe makirufo na yi sallama. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan ina alfahari da shi har yau. Na bi kawu da baffa da gwaggo ɗaya bayan ɗaya. Da na iso inda wasan jika yake, na tsallake shi na ce na gode.

Goshin malama ya matso. Ta ce ta ji daɗin maganar ɓoye sunan ɗan fari, to ita mace me take kiran mijinta? Na ce yawanci ba ta kama sunansa. Ta ce to me take cewa? Na duba fankar ɗakinta tana juyawa. Na ce, "Maigida."

Sai hoton kyanwar ya yi haske. Ya ce, "Eh, haka take ce min! Ma'anarsa mai gidan haya."

Malama ta ce, "Yi mana bayani."

Na yi bayani. Tunda an zo nan ban ga amfanin rabi ba. Na ce a Hausa kaka ita ce mahaifiyar uwa ko ta uba. Na ce tsakanin jika namiji da kakarsa akwai wasa, ita ta ce masa mijinta, shi ya ce mata matarsa, a yi faɗan cefane, a yi saki a yi kome, duk a gaban jama'a, ba wanda zai ɗaga kai. Na ce da aka ce min kaka, na ɗauka wannan ƙofar aka buɗe, na shiga da sallama.

Duk ajin makirufonsu a kashe yake. Abin da na gani shi ne ƙananan fuskoki a jere suna dariya babu sauti, wata ta kife kai a tebur, wani ya fita daga hoto gaba ɗaya ya bar kujera. Malama ta cire tabarau, ta gyara kyamara, ranar muka fara ganin fuskarta duka. Ta goge ido ta ce mu lura da kyau: mutum biyu sun yi zango guda tare, ɗaya yana da yaya, ɗaya tana da miji, kuma aikinsu bai taɓa makara ba. Ta ce abin da take ta ƙoƙarin koya mana ke nan tun farko. Ta ce ta gode min, kuma da gaske take.

Sannan kyanwar ta ɓace, fuska ta fito. Siririn yaro ne, da ƙarfen gyaran haƙori, da shatin hular kwano a goshi. Hancin ba dogo ba ne. Babu saje, babu alamar za a yi shi nan kusa. Kyanwar tana kan cinyarsa, ta fi ta hoton ƙiba, a bayansa kuma wata mata tana ninke kaya tana leƙowa. Kunnuwansa sun yi ja. Ya ce, "Sori, kak," sai ya tsaya, ya rufe baki da hannu. Muryar dai ita ce.

Da aka tashi na rufe kwamfuta. Anti tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi.

"Kaka, a kawo miki sanda ne, ko za ki iya tashi da kanki?"

Na cire mayafina na fara ninke shi.

"Iya tsohuwa, goron ya ƙare ne kika yi shiru? In daka miki?"

"Anti, don Allah."

Ta zo ta zauna kusa da ni, ƙamshin albasa a jikinta. Ta ce ita ma farkon zuwanta mai kifi ya ce mata kakak, ta dawo gida tana huci, ta ce wa Yaya ba za ta sake sayen kifi a ƙasar nan ba. Ta ce, "Amma ni na tambaya. Ke kuma kika ɗaura aure." Ta yi dariya har ta dafa ciki, sannan ta tsaya. Ta ce ba za ta faɗa wa Yaya ba, amma in saboda wannan yaron nake jan ƙafa, in tashi in haɗa kayana, babu abin kunya a komawa gida.

Ba ta faɗa masa ba kuwa. Wannan ne karo na farko da magana ta shiga kunnen Anti ta kwana a can.

Kwanaki suka wuce bai kira ba, ni ma ban kira ba. Makinmu ya fito, ya yi kyau. Na fara ninke atamfofina ina jerawa a akwati. Na ɗauko ɗaya daga littattafaina in karanta, na kai inda jarumin ya tambayi yarinyar ko ta ci abinci, sai na kama kaina ina tunanin a garinsu kowa ne ke tambaya ko shi kaɗai. Na ajiye. Yaya ya ce ranar Juma'a zai miƙa sunayen masu tafiya.

Ranar Alhamis da yamma, Anti tana kwashe tuwo, saƙo ya shigo. Daga shi ne. Kalma uku: "Nenek dah makan?"

Na ɗauki wayar na kai mata kicin, na ce, "Anti, nenek kuma mene ne?"

Ta goge hannu ta karɓa, ta karanta, ta sake karantawa. Ta ce, "Kaka. Ta gaske, mai furfura."

"Kin tabbata?"

"Maƙwabciyarmu ta ƙasa haka jikokinta ke kiranta." Ta miƙo min wayar tana kallona. "Yaron nan ya saurari darasi."

Na sake karanta saƙon ina murmushi.

Ta ce, "Ke, kada ki fara. Ƙila tsokana ce kawai, yaro ne."

Na ce, "Ai tsokanar ce, Anti. Da ita ake farawa."

Ta ɗaga hannu sama ta ce Allah ya shirye ni, ta ce in ɗauki miya in kai.

Muna cikin ci na ce wa Yaya zan zauna. Ya ajiye lomarsa ya dube ni, ya ce me ya canja? Na ce kwas ɗin yana da kashi na biyu a zango mai zuwa, malamar ce za ta koyar, kuma ina son in ji ƙarshensa. Wannan ma gaskiya ne. Yaya ya ji daɗi sosai. Ko hannu bai wanke ba ya kira abokinsa na Cheras, ya ce a gyara min wuri a ɗakin yara, yana cewa, "Wallahi yarinyar ta natsu, karatu kawai ta sa a gaba." Anti ta miƙe ta shiga kicin ta buɗe famfo da ƙarfi, ta daɗe a can.

Saƙon yana nan ban amsa ba. Na ƙara miya, na cinye tuwona tas tukuna, don in na ce masa na ci, ya zama gaskiya na faɗa.